Fitilar da ƙanena ya tsinke: walda, sensa da harshen da inji ke magana da shi

Ni ba injiniya ba ne, kuma ban taɓa riƙe sandar walda da sunan neman abinci ba. Abin da na karanta, kuma nake koyarwa a jami'a, shi ne kimiyyar harshe. Saboda haka idan mai karatu ya ga na tsoma baki a cikin zancen ƙarfe da wuta, ba zan ga laifinsa ba in ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina roƙon a yi mini uzuri a bi ni a hankali, domin wani abu ne ya faru a cikin danginmu wanda ya tabbatar mini da cewa matsalar da muke ɗauka ta injiniyoyi ce zalla, mu masu nazarin harshe muna da kaso mai tsoka a cikinta, kuma mun daɗe muna sakaci da shi.

Asalina mutumin Mabai ne, a ƙaramar hukumar Ƙanƙara ta jihar Katsina. Ina da wani ƙane, ɗan kawuna, wanda ya koyi walda tun yana ɗan shekara 12. Duk wanda ya san yankinmu, daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, ya san ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga da waken suya, kuma ya san matsayin mai walda a wurin manomi. Shi ke gyara garmar shanu idan ta karye, shi ke ɗinke amalanke da kurar ruwa, shi ke haɗa injin casar masara, kuma tun da rashin tsaro ya addabe mu, shi ke ƙera ƙofofin ƙarfe da tagogin da mutane ke kwana a bayansu. Wannan rashin tsaron ne ya sa ƙanen nawa ya kwashe kayan aikinsa ya koma cikin garin Ƙanƙara. A 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana sayar da man fetur a jarka a ƙoƙarinta na toshe wa 'yan bindiga hanya, ya sha wuyar samun man janareta. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, sai tsohon injinsa mai nauyi da cin wuta ya gagare shi. Ya shiga adashi, ya sayar da tumakinsa, ya sayo ɗan ƙaramin injin walda na zamani, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, wanda ba ya bukatar babban janareta.

Gab da faɗuwar damina, lokacin da aiki ya fi yi masa yawa, sai ya kira ni a waya, murya a sanyaye, ya ce injin ya ƙone. Da na samu zuwa gida na tarar da shi a rumfarsa, na ce, "Ƙanena, yaya sabon inji zai ƙone cikin 'yan watanni?" Ya ce, "Yaya, injin nan tun farko raggo ne. Ina tsakiyar aiki, manoma sun yi layi da garemaninsu, sai ya kunna wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ya tsaya cik, sai na jira ya ga dama ya tashi. Da abin ya ishe ni na kai wa mai gyaran rediyo, ya gano wayar da ke sa shi tsayawa ya tsinke ta. Daga nan bai ƙara tsayawa ba, sai ranar da ya yi hayaƙi."

Na ce ya kawo mini takardar da ta zo da injin. Tana nan a cikin kwalinta, ko ledar ba a ɓare ba, an rubuta ta da Turanci da Sinanci. A shafi na uku aka bayyana cewa idan ana aiki da injin da cikakken ƙarfinsa, minti 6 zai yi a cikin kowane minti 10, sauran 4 na hutawa ne. Fitilar nan kuwa alama ce cewa cikinsa ya yi zafi, kuma wata 'yar na'ura da ke manne a jikinsa ta ji zafin, ta yanke wuta don kada ya ƙone. Na ƙara masa da abin da na bincika daga baya, cewa ƙa'idar da duniya ta amince da ita tana auna wannan lissafi ne a yanayin zafi na digiri 40, alhali a watan Afrilu, a ƙarƙashin rumfar kwano a Ƙanƙara, zafi kan wuce haka. Ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, ai da an faɗa mini haka da Hausa, fanka zan saya, ba waya zan tsinke ba." Wannan magana tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Wannan 'yar na'ura da aka tsinke ita ce kanikawanmu ke kira sensa. Sun san ta a cikin motocin zamani, inda take kunna fitila a gaban direba. Aikinta shi ne ta ji wani abu da ke faruwa, zafi ne ko haske ko kusantowar ƙarfe ko warin gas, ta mayar da shi saƙon lantarki, ta aika wa ƙwaƙwalwar inji don ya san abin yi. A taƙaice ita ce ido da kunne da hancin inji. A rumfar ƙanena guda ɗaya ce tak. A babbar masana'antar da ake haɗa jikin mota kuwa, ɗaruruwa ne, kuma idan ɗaya ta yi ƙarya, layin aiki gaba ɗaya kan tsaya.

Jikin ƙaramar mota guda yana ɗauke da ɗigon walda tsakanin 3,000 zuwa 5,000. Tun ƙarshen shekarun 1960, lokacin da kamfanin General Motors na Amurka ya fara sa hannayen inji masu sarrafa kansu a wannan aiki, manyan masana'antun mota na duniya suka koma kansu. Sai dai hannun inji makaho ne. Ba ya sanin ko an ɗora farantin ƙarfe daidai a kan mariƙinsa, ko an manta da wani noti, ko matsewa ta kama, sai sensa ta gaya masa. Mafi yawansu irin masu jin kusantowar ƙarfe ne ta hanyar maganaɗisu, girman kowace bai wuce babban yatsa ba. Akwai kuma masu bin layin haɗi da hasken leza, da masu auna ƙarfin wuta da gudun gas a kowace daƙiƙa.

Babu wurin da ya fi wajen walda muni ga irin waɗannan na'urori. Ƙarfe na narkewa a wajen digiri 1,500, harshen wutar walda kuwa ya haura digiri 5,000. Tartsatsin narkakken ƙarfe kan faɗa wa fuskar sensa ya daskare, sannu a hankali ya yi mata ɓawo, har ta riƙa jin ƙarfe a gabanta kullum, ko da babu komai. Wutar da ake ɗiga walda da ita takan kai amfiya 10,000, kuma tana haifar da maganaɗisu mai ƙarfi da ke ruɗa sensa. Ga zafi da ke gasa wayoyi, ga kuma ma'aikacin da zai maka mata farantin ƙarfe cikin gaggawa. A namu yankin sai a ƙara ƙurar hunturu da ke toshe kafar iska ta rufe gilashi, da zafin bazara, da wutar lantarki mai hawa da sauka. Ƙaryar sensa iri biyu ce. Idan ta ce babu alhali akwai, aiki zai tsaya a yi asarar lokaci. Idan ta ce akwai alhali babu, aiki zai ci gaba a fitar da gurɓataccen kaya, wannan kuwa ya fi haɗari, domin ba wanda zai sani sai bayan kaya ya isa hannun jama'a.

Masu ƙera na'urori ba su zauna haka nan ba. Sun fito da sensar da maganaɗisun walda ba ya ruɗa ta, sun shafe fuskarta da Teflon ko tangaram don kada tartsatsi ya manne, sun yi mata gida na ƙarfe da ke kare ta daga duka, sun sa wa wayoyi riga ta roba mai jure zafi, sun kuma raba waya da sensa ta yadda za a cire wadda ta lalace cikin 'yan mintuna ba tare da an kwance komai ba. Duk waɗannan suna da amfani, kuma duk wanda zai kafa masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri ya kamata ya san su kafin ya zuba kuɗinsa. To amma abin da masana'antun da suka yi nasara suka gano shi ne, sayen na'ura mai tsada kaɗai ba ya raba su da matsala. Abin da ke raba su da ita shi ne ma'aikacin da zai goge fuskar sensa a ƙarshen kowane zangon aiki, ya duba saitinta, kuma idan ta mutu ya rubuta a littafi: wacce ce, a wane gurbi, yaushe, me ya kashe ta. Idan aka tara irin wannan rubutu na 'yan watanni, sai a tarar cewa 'yan gurabe kaɗan ne ke cinye mafi yawan na'urorin, a gyara su a huta. Inda ba a yin haka kuwa, sai ma'aikaci ya gaji da tsayawar layi ya haɗe wayoyi ya zagaye sensar, wato daidai abin da aka yi wa injin ƙanena. Ashe cutar ba ta san ƙauye ko birni ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen asarar kuɗi ne kurum. A ranar 27 ga Maris 1980, wani dandalin ma'aikatan haƙar mai da ake kira Alexander Kielland ya kife a Tekun Arewa, a yankin ƙasar Norway. Daga cikin mutum 212 da ke kansa, 123 suka rasu. Da aka yi bincike sai aka gano cewa tsagewar da ta karya ɗaya daga cikin ƙafafunsa ta faro ne daga wata 'yar walda mai kaurin milimita 6, wadda aka yi don maƙala wata na'urar sauraren sauti a ƙarƙashin ruwa. Masu binciken sun ga burbushin fenti a cikin tsagewar, abin da ya nuna cewa aibin yana nan tun lokacin da aka ƙera dandalin a Faransa. An raina waldar ne domin ba ta ɗauke da nauyi, sensa kawai take riƙe. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

A ɗaya gefen kuma ga misalin Japan. A 1924 Sakichi Toyoda ya kammala wata masaƙa mai tsayar da kanta da zarar zare ɗaya ya tsinke. Daga wannan tunani kamfanin Toyota ya gina tsarin aikinsa: idan inji ko ma'aikaci ya ga matsala, a kunna fitila a tsayar da aiki, a nemi dalili, a gyara tun daga tushe. Abin da ya ja hankalina a matsayina na mai nazarin harshe shi ne sunan da suka ba wannan fitila. Sun kira ta andon, kalmar da Japanawa ke kiran fitilar takarda ta cikin gida tun zamanin kakanninsu, kamar dai mu ce fitilar ƙwai ko aci-bal-bal. Lebura mafi ƙarancin karatu ya san abin da ake nufi. A yau injiniyoyin Ingila da Amurka da wannan kalmar suke amfani, domin wanda ya riga ka fahimtar abu, shi ke raɗa masa suna. Fitila ɗaya ce ta kunnu a Japan da Ƙanƙara. A can an koya wa ma'aikaci cewa abokiyarsa ce, a nan kuwa ba wanda ya gaya wa ƙanena komai, shi ya sa ya ɗauke ta maƙiyiya.

Wani zai ce, ina ruwan mai waldar Mabai da masana'antar mota? Ruwansa shi ne manyan ayyukan ƙarfe sun riga sun iso ƙofar gidansa. A ranar 30 ga Yuni 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. Idan muka ƙaddara tsawon kowane guntun bututu mita 12 ne, haɗin da ake bukata ya haura 50,000, kuma a irin wannan aiki ba a yarda da haɗi sai an leƙa cikinsa da na'urar hoto ko ta sautin da kunne ba ya ji. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda ya ratsa Daura da Katsina da Jibiya. A Kaduna, inda Peugeot ya fara haɗa motoci tun 1975, kamfanin Dangote Peugeot ya soma nasa aikin a 2022. Bugu da ƙari, dokar 2010 ta shigar da 'yan ƙasa cikin harkar man fetur da gas ta wajabta cewa a yi aikin walda da ƙira na wannan fanni a cikin Nijeriya. Doka ta ce a cikin ƙasa, amma ba za ta iya tilasta wa ɗan kwangila ya ɗauki wanda ba shi da takardar shaidar ƙwarewa ba. Tambayar da ya kamata kowane ɗan boko na Arewa ya yi wa kansa ita ce, a cikin masu riƙe da bakin wuta a waɗannan ayyuka, nawa ne namu, kuma nawa ne namu a cikin masu ɗaukar yashi da gadi?

Ba rashin basira ne ya hana su ba. Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga abin mamaki. Mu jikokin maƙera ne, waɗanda suka narkar da tama suka ƙera garma da takobi tun kafin zuwan Turawa. Ƙanena yana iya juya wa yaronsa baya, ya saurari ƙarar wuta, ya ce masa, "Rage tazara, ka ɗaga hannu da yawa." Ya ce mini idan walda na tafiya daidai, ƙararta kamar ta suyar ƙosai take. Wato shi da kansa sensa ne, kunnensa da idonsa da fatarsa su ke auna abin da na'ura ke aunawa a masana'anta. Sai dai yana biyan farashi mai tsada. Sau da yawa yakan kwana yana hawaye kamar an watsa masa yashi a ido, saboda baƙin tabarau na kasuwa yake sawa. A 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda da haskenta a cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. Akwai hular walda mai sensa, wadda gilashinta ke yin duhu da kansa tun kafin ƙiftawar ido da zarar wuta ta tashi, amma idan ƙura ta rufe idon sensar ko batirinta ya mutu, ba za ta yi duhun ba. Akwai kuma 'yar na'urar da ke shinshino tururin mai a cikin tanki kafin a kusantar da wuta, wadda rashinta ya sa ake jin labarin fashewar tankuna a hannun masu walda. Kowace daga cikinsu tana zuwa da takarda, kuma kowace takarda da harshen da mai aikin ba ya ji aka rubuta ta.

A nan ne fannina ya shigo. Hausa ba ta taɓa jin tsoron aron kalma ba. Kalmar walda kanta daga Turanci muka aro ta, inda take nufin mutumin da ke aikin, mu kuwa muka mayar da ita sunan aikin, muka ce mai walda. Haka muka sami bakanike da kanikawa da kanikanci, da birki da giya da salansa. Saboda haka ba ni cikin masu ganin sai an zauna an ƙirƙiro wata doguwar kalma ta maye gurbin sensa. Kanikawa sun riga sun yanke hukunci, kuma bakin jama'a ya fi ƙarfin kwamiti. Giɓin da ke akwai na bayani ne. Mun ari sunayen abubuwan da ake gani a taɓa, amma ba mu fassara dalilan da ke bayansu ba. Ba mu da tsayayyar hanyar faɗar rabon lokacin aiki da na hutun inji, ko iyakar kuskuren da aka yarda da shi a awo, ko bambancin na'urar da ta lalace da wadda saitinta ya goce. Mutumin da aka ba shi suna ba a ba shi dalili ba, dole ya ƙirƙiro nasa dalilin, kuma dalilin da ƙanena ya ƙirƙiro shi ne inji raggo ne.

Tilas in faɗi gaskiya ko da a kanmu ce. Mu malaman Hausa mun yi aiki, ba a musu. Tun ƙamus ɗin Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 an tara dukiya mai yawa. A 1990 an fitar da littafin keɓaɓɓun kalmomi na nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, kuma da shi muke koyar da nahawu da tsarin sauti da Hausa har zuwa digiri na uku. Wannan ya isa hujja cewa harshen zai iya ɗaukar ilimi mai zurfi. To amma wa muka yi wa wannan hidima? Kanmu muka yi wa. Ɗalibanmu na rubuta kundaye a kan karin harshen kanikawa da saran masu walda, mu ba su maki mu ajiye a kanta, ba mu taɓa komawa rumfar da aka samo kalmomin da shafi ɗaya na bayani mai amfani ba. Ni kaina na duba irin waɗannan kundaye, kuma sai da injin ƙanena ya ƙone na ga abin kunyar.

Na san abin da wasu abokaina injiniyoyi za su ce, domin sun sha faɗa mini. Za su ce ƙa'idojin walda na duniya da Turanci aka rubuta su, da shi ake jarrabawa, da shi allon inji ke magana, saboda haka koyar da yaro da Hausa tauye shi ne. Akwai gaskiya a cikin maganarsu, kuma ba na kiran a daina koyon Turanci. Wanda zai yi aiki a kan bututun gas dole ya iya karanta takardar umarnin walda yadda take. Amma fahimta ita ke gaba, lakabi ya biyo baya. Wanda ya gane da harshensa dalilin da ya sa tartsatsi ke makantar da sensa, cikin mako guda zai haddace sunan abin da Turanci. Wanda ya haddace sunan bai gane dalilin ba, shi ne zai ci jarrabawa ya je ya tsinke waya. Na kuma san cewa manufar koyarwa da harshen uwa a firamare, wadda gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2022, an soke ta a watan Nuwamban 2025. Ina da ra'ayi a kan wannan, amma ba yau ba. Ko ma wane ɓangare mutum yake, ba wata doka da ta hana a yi wa magidanci ɗan shekara 30 bayanin injinsa da harshen da yake ji.

Saboda haka ga shawarwarina. Da farko, sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, musamman na Katsina da Zariya da Kano da Sakkwato, su haɗa kai da sassan injiniya da kwalejojin kimiyya da fasaha irin su Hassan Usman Katsina, su fitar da ɗan littafin walda da kula da na'urori da Hausa. Kada a rubuta shi a ofis. A je rumfuna a ji yadda masu aikin ke faɗa, a ɗauki kalmarsu inda suke da ita, a ƙirƙira inda babu, a koma a gwada a ga ko sun gane. A buga shi da boko da ajami, domin da yawa daga cikin yaran walda almajirai ne da suka fi sakewa da ajami, a kuma karanta shi a rediyo da saƙon murya na waya.

Na biyu, Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, tana da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaida bisa abin da suka riga suka iya, kuma an fara gwada shi da mutanen Panteka. Wannan tsari ya kamata ya iso Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara, a yi tambayoyin baka da Hausa, a kuma sanya kula da sensa da kayan kariya a cikin abin da ake gwadawa. Na uku, 'yan kasuwarmu da ke shigo da injuna daga Sin su nemi a liƙa wa kowane inji 'yar takardar gargaɗi da Hausa. Wanda ya iya sa a buga sunan shagonsa a jikin kwali ba zai kasa wannan ba, kuma shi ma zai huta da rigimar masu dawo da ƙonannen kaya. Na huɗu, masu masana'antu su ajiye littafin rubuta lalacewar na'urori, su bar ma'aikaci ya cika shi da harshen da ya iya, su kuma daina hukunta wanda ya tsayar da aiki don ya ga matsala. Muddin tsayar da inji laifi ne, ma'aikaci zai ci gaba da rufe bakin sensa a ɓoye. Na ƙarshe, gwamnatin jihar Katsina, wadda ke kashe kuɗi wajen koya wa matasa sana'o'i da raba musu kayan aiki, ta sani cewa ba da inji ba tare da bayani ba, zuba ruwa ne a rariya. A yankin da zaman banza ke tura matasa daji, kowace rumfar walda da ta rufe asara ce da ta wuce ta mai ita.

Mun haɗa kuɗi a dangi mun saya wa ƙanena wani injin. Kafin in dawo bakin aiki na zauna da shi muka rubuta layi huɗu a kan kwali, da boko a sama da ajami a ƙasa: idan fitila ta kama, inji ya yi zafi ne, kada a kashe shi, a bar fankarsa ta yi ta juyawa, a hure ƙurar cikinsa duk mako, kada a taɓa wayar. Ya liƙa a jikin bangon rumfa, ya kuma sayi fankar da ya ce zai saya. Da na kira shi kwanan baya ya shaida mini cewa masu walda uku na layinsu sun zo sun kwafi kwalin, ɗaya ma ya ce a tambaye ni ko akwai irinsa na hular nan mai yin duhu da kanta. Na yi masa alkawarin zan rubuto. Ina kira ga abokan aikina malaman harshe da injiniyoyinmu, duk wanda ya karanta wannan, ya zo mu rubuta sauran tare.